Gida Tara da Ƙwaryar Hanatu

Kongo-Rasha, Jos
18 ga Mayu

Ƙulun-ƙulufita! Tun kafin gaisuwa, riƙe wannan: kowa ya zo da nasa, kowa ya koma da na wani. Ba a ganinsa, ba a ƙulla shi a bakin zane. An rufe masa ƙofa, an toshe masa taga, amma ya kwana a gida tara. Mene ne?

Zuwa ga maigidana Datong, mijin da ya gudu Abuja ya bar ni da rufi yana ɗiga.

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kana lafiya, kana kuma cin abinci, don hoton da ka aiko a Kirsimeti wuyanka kamar na zakaran da ya sha ruwan sama. Ni dai da sauƙi, sai gwiwa. Wani tari ya kwantar da ni kwana shida a farkon watan nan, har na daina jin ƙamshi. Ka ji masifa, mace ta sa hanci cikin daddawa ta ji kamar ta shinshina dutse. Yanzu ya wuce.

Kada ka ce in kira ka a waya. Tawa ta faɗa bokitin wanki tun Ista, ta Nonso mai shago kuwa kunnuwa goma ke biye da ita. Usumanu direban motar dankali zai kawo maka wannan, tunda motar abinci kaɗai ake bari ta wuce a kullen nan. Rubutun 'yar aji huɗu ne na makarantar mishan, in ka ga baƙi ya karkace ka karkata kanka. Yayata da ta haifi uwarka ta fi ni hannu, amma ta tafi ta bar min kai, sai ka yi haƙuri da abin da ya rage.

Mutanenka sun zo. Wani dogon yaro mai suna Fredrick, da takunkumi har kusan ido, ya ce daga ofishinku ne, wai kuna binciken yadda korona ke bin unguwanni da wuraren aiki. Ya tsaya can nesa kamar ina da cizo. Ya ce ina nake aiki? Na ce aikina tsufa, kuma ba hutu. Ya ce na je wani taro a makonnin nan? Na ba shi amsar da kowa ya ba shi. Ya ce wa ke shigowa gidan nan? Na ce ban da kajin maƙwabta sai Hanatu.

Ka tuna Hanatu ai, mai nono daga rugar Naraguta, wadda kake lashe mata ludayi kana ƙarami. Shekara ashirin da biyu tana sauke ƙwaryarta a unguwar nan. Lokacin da garin nan ya rabu biyu, kowa ya daina taka layin wani, ita ba ta daina ba. Ko yanzu, duk ranar da aka buɗe gari sai ta zo. Babu ƙofar da ba ta san ƙafarta ba.

Labarin unguwa: gida tara ake tari. Baba Pwajok, mijin Klaudiya, yana asibiti, an sa masa abin shaƙar iska. Ka sa shi a addu'a. Mama Dina kuma ta rasu a watan jiya, hawan jininta na da can ne. Mutum ashirin aka yarda su raka ta, ban da 'yan zumunta. Shekara talatin da ɗaya ina ba da waƙa a zumuntar mata, ban taɓa ganin an sa ɗayarmu a ƙasa shiru haka ba, kamar ana ɓoye kayan sata.

Ka ba ni amsar ƙulun-ƙulufitata. Ka zauna ka yi tunani sosai, ba don wasa kaɗai na rubuta ta ba.

Matarka ta fari,
Kaka Loyis

Abuja
22 ga Mayu

Zuwa ga amaryata, tsohuwa mai ran ƙarfe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ga wasiƙarki, ta iso tana warin dankali. Ina lafiya, ina kuma cin abinci, wuyana haka Allah ya yi shi. Amma Kaka, tarin da ya ɗauke miki jin ƙamshi ba tarin wasa ba ne. Alamar cutar ce sosai. Na gode Allah da kika tashi. Don Allah ki zauna a gida, ki riƙa wanke hannu.

Amsar ƙulun-ƙulufitarki gulma ce: kowace ta zo da tata, ta koma da ta wata. In ba ita ba ce, na ba ki gari, ki ɗauki Abuja duka har da fitilunta. Kwanan nan kaina ya cika da lissafi, babu wurin wasa.

Ga abin da muke yi, tunda kin tambaya a fakaice. Su Fredrick suna cika fom a unguwanni da ma'aikatu, su aiko mana. Ni ina zana taswira: kowane gida mai cuta ɗigo ne, sai in ja zare tsakanin ɗigo da ɗigo in ga ta inda ta bi. A wani ofishi a nan mun gano ta bi ta ɗakin da ma'aikata ke cin abinci. A wata masana'anta kuma ta bi ta motar da ke kwaso su da safe. In aka san hanyar, sai a toshe ta.

Ta Kongo-Rasha ce ta hana ni sukuni. Gida tara, kusan a mako guda suka kamu. Ba layi ɗaya suke ba. Mazan ba aiki ɗaya suke ba. Majami'u a rufe suke, kuma duk fom ɗin sun ce ba wanda ya je taro. Abu ɗaya ne kawai ya bayyana a dukkan taran: mai tallan nono. Ina cikin kokwanto sai ga wasiƙarki, kin ce babu ƙofar da ba ta san ƙafarta ba. Kin cika min zaren da ya rage, Kaka. Ludayi ɗaya, ƙwarya ɗaya, hannu zuwa hannu, gida zuwa gida.

Ban ce laifinta ba ne. Mutum kan ɗauki cutar bai sani ba. Ba za mu sa suna a rahoto ba, za mu ce mai talla kawai, mu ba da shawarar a dakatar da tallan gida-gida. Na ce wa Fredrick ya koma ya nemi inda take don a gwada ta.

Wannan tsakanina da ke ne. Ki gaida Mama Klaudiya, Allah ya ba Baba lafiya.

Mijinki mai gudun cefane,
Datong

Kongo-Rasha, Jos
28 ga Mayu

Datong,

Gaisuwa dai ga ta, don an koya mana a fara da ita. Lafiyata ƙalau. Baba Pwajok ya rasu ranar Lahadi, ma'aikatan asibiti ne suka binne shi cikin fararen riguna, matarsa tana kallo daga bayan igiya.

Garin da ka ba ni ka riƙe abinka. Ka faɗi, kuma faɗuwarka ta danne wata.

Kai ka ce ba za ku sa suna ba. Mai tallan nono nawa ka san tana shiga Kongo-Rasha? Fredrick ɗinka ya dawo ranar Litinin yana bin ƙofa-ƙofa: "Mama, mai nonon nan ina take zama?" Kafin rana ta faɗi har kare ya san wa gwamnati ke nema. Jiya da aka buɗe gari ta zo, ba ta san komai ba. Joshua ɗan marigayi da abokansa suka tare ta a bakin kwalbati. Ina tsakar gida na ji ƙarar ƙwarya. Na fito da sandata na tarar da nono yana bin lambatu, man shanu a cikin taɓo, ita kuma tana tsaye da gammo a hannu.

Na ce, "Joshua, wa ya aike ka?"

Ya ce, "Kaka, ki matsa. Ita ta kashe babana, masu bincike ma sun sani."

Na ce, "Masu binciken ni na yi musu wankan jarirai. Ka taɓa ta in ka ga ban fasa maka wannan goshin naka mai kama da na ubanka ba."

Suka watse, amma ba don tsoro ba. Ana ta maganar wai za su hau Naraguta su "yi wa rugar tambaya". Kai ɗan garin nan ne, ka san irin tambayar da samari ke yi da jarka a hannu, ka kuma san abin da ke biyo bayanta a ɓangare biyun. Mai unguwa ya tare su da ƙyar. Ya ce su jira takardar masu bincike. In takarda ta ce nono ne, ya ce shi ba shi da sauran bakin hana su. Ka ji inda alƙalaminka ya kai.

Na raka Hanatu har Titin Bauchi. Da za ta hau keke ta ce, "Loyis, da ni da ke akwai wani abu?" Na ce babu. Ta ce, "To shi ke nan," ta tafi ba ƙwarya a kanta. Ban taɓa ganin tsakiyar kanta ba sai jiya. Ashe ta yi furfura kamar ni.

Yanzu bari 'yar aji huɗu ta yi wa mai digiri biyu tambaya. Gida arba'in take sauke ƙwarya a unguwar nan, na ƙirga su da yatsa ina kwance. Tara suna tari. Ina sauran talatin da ɗaya? Ludayin zinariya take auna musu da shi? Sannan Hanatu ba ta shiga ɗakin kowa. A tsakar gida take tsayawa, ƙarƙashin sama. Shekara ashirin da biyu ina roƙon ta ta shigo ta zauna, tana cewa ɗakunanmu kamar cikin tukunya. Na yabi ƙafarta a wasiƙa, kai ka ɗauki yabon ka yi mata igiya da shi.

Akwai abin da na sani. Na ɗora hannu a kan Littafi tare da wasu cewa ba zan faɗa ba, shi ya sa na lulluɓe maka shi cikin ƙulun-ƙulufita, ina ganin jikana mai kai ne. Zan je in nemi su sake ni daga alkawarin. Kafin nan, ka danne takardarka da dutse. Kada ta fita daga hannunka.

Kakarka, ba matarka ba yau,
Loyis

Abuja
8 ga Yuni

Kaka,

Ina gaisuwa, ina fata kina lafiya. Kwana goma sha bakwai ke nan ban ga ko layi ɗaya daga gare ki ba. Usumanu bai zo ba, wayarsa a kashe. Na kira Nonso mai shago, ya ce kina nan garau, wai kin ce ba kya magana da masu taswira a wayar mutane. Daga bakinsa na ji rasuwar Baba Pwajok. Allah ya ba Mama Klaudiya haƙuri.

In fushin ƙulun-ƙulufita ne, na tuba, na ƙara miki da Kaduna. Na san Hanatu ƙawarki ce, na kuma san abin bai yi miki daɗi ba. Amma da kina da ja a kan abin da na rubuta, na tabbata da tuni kin cika min takarda huɗu. Shirunki na ɗauka yarda ce mai ciwo.

Na miƙa wa oga daftarin rahoton ranar Juma'a. Ya yaba ƙwarai. Na ba wani direba, Salim, wannan wasiƙar. Ki amsa ko da zagi ne.

Naki,
Datong

Abuja
13 ga Yuni

Kaka,

Jiya Usumanu ya iso. Ashe tare shi aka yi a iyakar jiha, na'ura ta ce jikinsa da zafi, aka killace shi kwana goma sha huɗu da wasiƙarki a aljihu. Dankalin ya tsiro a buhu. Shi lafiya lau yake, zazzaɓin sauro ne.

Na karanta sau uku. Ban iya cin abinci ba. Tambayarki ta gida talatin da ɗaya ita ce ta farko da ya kamata in yi wa kaina, ban yi ba. Na tambayi masu ciwo wa ya zo gidansu, ban tambayi masu lafiya ba. Na ga zare ya haɗu, na ji daɗi, na daina dubawa.

Da safen nan na shiga wurin oga. Na ce a janye sashen Kongo-Rasha. Ya ce, "Da wace hujja?" Na ce kakata ta ce akwai wani abu. Ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce, "Datong, fom tara sun ce ba taro. Kana so in gaya wa kwamitin jiha cewa wata tsohuwa ta yi maka kacici-kacici?" Na ce aƙalla a jira a gwada matar. Ya ce Fredrick ya je Naraguta, mutanen rugar sun ƙi ko kallonsa. Ban ga laifinsu ba.

Ranar Juma'a, sha tara ga wata, za a miƙa rahoton, kuma irin wannan a rediyo ake karanta taƙaitawarsa. Na gaya masa in ya tafi a haka a cire sunana, ya ce sunan nawa ba shi ne zai hana a karanta ba.

Kaka, ba sunan kowa nake nema ba. Wuri nake so, da rana, da yawan mutane, da yadda wurin yake. In na sami waɗannan huɗun zan iya tsayawa a gabansa. Ni na ɗaura igiyar nan, amma ba ni da wuƙar yanke ta. Tana hannunki.

Jikanki da ya yi kuskure,
Datong

Kongo-Rasha, Jos
17 ga Yuni

Zuwa ga maigidana Datong. Na mayar da aurenmu, tunda ka iya cewa ka yi kuskure. Kakanka har ya mutu bai koyi wannan ba.

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Lafiyata lau, sai bayana da ke ciwo saboda shara, zan zo kan wannan. Usumanu zai tashi da asuba, ya rantse ko a ƙafa zai kai maka kafin Juma'a. Ka ba shi shayi mai madara.

Ga abin da ya faru. Da aka binne Mama Dina babu waƙa, abin ya tsaya mana a wuya. A zumunta, in ɗayarmu ta tafi, kwana uku muke raka ta da waƙa. Ita Dina ta yi wa uwata, ta yi wa yayata. Sai na aika wa mata a ɓoye na ce su zo ɗakina. Ni na kira, ba wani ba. Don kada 'yan sintirin kulle su ji, na rufe ƙofa, na rufe taga, na rataya bargo biyu a kanta, na cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa. Muka yi waƙa har gumi yana bin bango. Da muka gama muka ɗora hannu a kan Littafi, don kotun tafi-da-gidanka tana kama masu taro, kuma Fasto bai sani ba, ba mu so a ɗora masa.

Mako biyu na yi ina bin matan nan gida-gida ina roƙon su sake ni. Nkoli ta ce mijinta zai kore ta. Wata ta ce, "Mama Loyis, ai Bafulatanar tana da mutanenta, su kare ta." Na ce Allah ya shirye ki, ke da kike shan furarta bashi babu kunya. Ta ƙarshe Klaudiya ce. Na same ta zaune a gefen gadon mijinta da baƙin ɗankwali. Ta ce, "Loyis, na san abin da ya kawo ki. Kwana huɗu bayan waƙar na fara tari, bayan kwana biyar shi ya fara. Ina ƙirgawa kullum. Kina so Joshua ya dube ni ya ga wadda ta kawo wa ubansa mutuwa?" Na riƙe hannunta, na dawo gida.

Da wasiƙarka ta ƙarshe ta zo na daina roƙo. Na durƙusa na ce, Ubangiji, alkawarin nan a kan Littafinka na yi shi, kuma zan karya shi. In akwai hukunci ka rubuta a sunana ni kaɗai, ka san adireshin.

Ranar Litinin da hantsi mai unguwa ya tara mutane a filin makaranta kan maganar samari da Naraguta. Na yafa zanen zumunta, na naɗe barguna biyun nan a kaina kamar mai talla, na je. Ana cikin magana na sauke su a tsakiyar fili.

Mai unguwa ya ce, "Mama, wanki kika kawo mana?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, mai laifin na kawo. Kuna neman wadda ta raba cuta, ga ta nan da 'yar'uwarta."

Aka yi dariya. Na bari suka gama, sannan na faɗa musu komai, da ranakun, da tsumman ƙarƙashin ƙofa. Dariya ta ɗauke. Joshua ya miƙe, idonsa ja.

Ya ce, "Su wa da wa suka shiga ɗakin?"

Na ce, "Ni da maƙogwarona."

Ya ce, "Kaka, ba wasa nake ba."

Na ce, "Ni ma. Ɗakina ne, kirana ne, bargona ne. In jarkarka tana neman gida, ka san nawa, ƙofa mai shuɗin fenti. Ya fi Naraguta kusa, ba sai ka biya keke ba."

Ba wanda ya motsa. Matan zumunta suna gefe ɗaya, kowace tana nazarin yatsun ƙafarta. Sai na ji motsi a bayana. Klaudiya ce. Ta tashi tana dafa kafaɗar ta kusa da ita, ta ce, "Joshua, ina ciki. Ni ke buga tulu a waƙar." Wata 'yar zumunta, Obiamaka, ita ma ta tashi. Su biyu ke nan, sauran ba su ɗaga kai ba, ni kuma ban kalli inda suke ba. Joshua ya daɗe yana duban uwarsa. Sai ya juya ya fita daga filin, abokansa suka bi shi ɗaya-ɗaya kamar an kashe musu rediyo. Kwana biyu bai ci tuwonta ba. Yau da safe ta gaya min ya ɗebo mata ruwa ya ajiye a ƙofa ya wuce. Ban san yadda za su ƙare ba, ba kuma zan yi maka ƙaryar cewa na sani ba.

Ni kuwa an ba ni nawa. Kotu ta yanke min sharar titi safiya uku. Alƙalin ya ce saboda shekaruna zai iya yafewa, na ce a ba ni tsintsiya. Da zanen zumunta nake sharar, ina waƙa, wannan karon a fili inda iska ke wucewa. Dattawan ikilisiya sun sauke ni daga ba da waƙa. Shekara talatin da ɗaya. Wannan ya shige ni, ba zan ɓoye ba. Mata shida sun daina gaishe ni, sai na riƙa gaishe su da ƙarfi har da tambayar gajiya, don su ji nauyin shirunsu. Kuma ka sani, ban yi nadamar raka Dina da waƙa ba. Tagar da na rufe nake nadama.

Yau da rana na hau keke zuwa Naraguta da sabuwar ƙwarya. Na tarar da Hanatu tana kaɗa nono a gindin bishiya. Na faɗa mata duka. Ta saurara har ƙarshe, ta juya ƙwaryar ta ƙwanƙwasa gindinta.

Ta ce, "Wato ku kuka yi waƙa, ni aka fasa wa ƙwarya."

Na ce haka ne.

Ta ce, "Kuma kin sani tun ranar da na tambaye ki a bakin titi."

Na ce na sani.

Ta sake juya ƙwaryar a hannunta. Can ta ce, "Ƙwaryar nan ƙarama ce. Kullum ba ki iya saye ba." Ta ce za ta sauko ranar Asabar, in mijinta ya yarda, kuma in rediyo bai kira ta ba ranar Juma'a. Ta ce Fredrick na iya zuwa ya gwada ta, amma sai dai ya zo tare da ni, ya kuma cire takalmi.

To ga huɗun da ka nema, ka karanta wa oganka da ƙarfi. Wuri: ɗakina, taku goma sha ɗaya a tsaye, tara a kwance, da ƙafata na auna. Rana: Talata, Laraba da Alhamis na makon ƙarshe na Afrilu, daga ƙarfe biyu zuwa biyar. Mutane: goma sha huɗu, tara suka kwanta, har da ni, kuma gidajensu su ne ɗigo taran da ke taswirarka. Yadda wurin yake: na riga na faɗa. Ka ƙara da wannan, don shi ne ya fi ba ni haushi. Duk abin da rediyo ya ce mun yi. Na ajiye bokiti da sabulu a bakin ƙofa, kowace ta wanke hannu. Ba mu gaisa da hannu ba. Kowace ta zo da kofinta. Mun ɗauka a hannu kaɗai cutar take tafiya. Sannan ka aika a duba gidan burodin da mijin Nkoli ke aiki. Mutum biyar ke tari a can, kuma su ma toshe tagogi suke yi don sanyin Jos kada ya hana ƙulli tashi.

In oganka ya ce tsohuwa ce ta faɗa, ka ce ƙwarai, tsohuwar ta faɗa a gaban unguwa guda, kotu ma ta rubuta. Sunana kuma ka sa shi in kana so, Loyis, da manyan baƙaƙe. Na Hanatu ka goge, har da inuwarsa.

Tunda ka kasa, ga amsarka. Numfashi ne. Namu ne, mu goma sha huɗu, a ɗakina, da taga a rufe.

Matarka,
Kaka Loyis